Furotin: Ƙirarsa, Rabe-Rabensa da Halayensa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da ilmin sinadaran jiki a kwalejin horon malamai ya san amsar da ɗalibai sukan bayar in an tambaye su ko mene ne furotin. Nan da nan sai su ce, "Abinci ne mai gina jiki, kamar nama da ƙwai da wake." Amsar nan gaskiya ce, sai dai ta tsaya a bakin ƙofa. Gashin kan mutum furotin ne, haka ƙahon saniya da kofaton doki. Abin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini furotin ne. Mafi yawan dafin kububuwa furotin ne, kuma allurar da ake yi wa wanda ta sara ita ma furotin ce. To, ta yaya jinsin sinadari guda zai zama mai tauri a ƙaho, mai narkewa a jini, guba a wani wuri, magani a wani?

Manufar wannan takarda ita ce amsa wannan tambaya. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa jerin tubalan da aka gina furotin da su shi ke yanke yadda zai naɗe, naɗin nan kuwa shi ke yanke aikin da zai yi. A ganinmu, in ɗalibi ya kama bakin wannan zare, to, rabe-raben furotin da halayensa, waɗanda yawanci haddace su ake yi saboda jarrabawa sa'an nan a manta, za su zo masa da sauƙi. Za mu fara da tubalan ginin, mu dubi matakan ƙira, mu kawo rabe-rabe da halaye, daga ƙarshe mu ɗauki cutar sikila a matsayin zakaran gwajin dafi.

Akwai kalmomi uku da ya kamata mu daidaita a kansu tun yanzu. In mun ce zarra, muna nufin mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari. In mun ce dunƙule, muna nufin zarra biyu ko fiye da suka ɗauru da juna. Sa'an nan akwai ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 tsami ne, watau asid, sama da 7 kuwa halin kanwa ne ko ruwan toka, 7 kuma tsaka-tsaki.

2.0 Tubalan Gina Furotin

2.1 Sinadaran da ke ciki

A shekarar 1838 wani masani ɗan ƙasar Holan, Gerardus Mulder, ya bayyana cewa farin ƙwai da madara da jini suna ɗauke da wani abu mai kama da juna. Berzelius na ƙasar Suwidin ne ya ba shi shawarar sunan, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar "na sahun farko". Kowane furotin yana ɗauke da kabon da haidurojin da oksijin da naitirojin, da yawa kuma suna da ɗan farar wuta. Naitirojin ne ya bambanta shi da sitaci da mai, kuma yakan kai wajen kashi 16 cikin 100 na nauyinsa.

A kan wannan adadi aka gina hanyar awo da Johan Kjeldahl na ƙasar Danmak ya fito da ita a 1883. Akan auna naitirojin da ke cikin abinci, a ninka shi sau 6.25, abin da ya fito shi ake ɗauka a matsayin yawan furotin. Hanya ce mai sauƙi, amma tana da kafa: naitirojin take gani, ba furotin ba. A shekarar 2008 wasu masu sarrafa madara a ƙasar Sin sun tsarma madara da ruwa, suka zuba mata sinadarin melamin, wanda wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne, domin ta tsallake awo. Jarirai kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu bisa ga ƙididdigar hukuma. Darasi na farko ke nan: sanin sinadaran da ke cikin abu bai isa ba, sai an san yadda aka jera su.

2.2 Amino asid

Tubalin furotin shi ake kira amino asid, kuma iri 20 ne aka fi gina furotin da su, ko a jikin mutum, ko a gero, ko a ƙwayar cuta. An gano na farko, asfarajin, a 1806, na ƙarshe kuwa, tiriyonin, William Rose na Amurka ne ya gano shi a tsakiyar shekarun 1930. Dukkansu tsarinsu ɗaya ne. Akwai zarrar kabon a tsakiya mai hannu huɗu. Hannu ɗaya yana riƙe da rukunin amino (NH2), ɗaya yana riƙe da rukunin asid (COOH), ɗaya yana riƙe da haidurojin, na huɗun kuwa yana riƙe da wani reshe da ake yi wa lamba R. A reshen nan ne kaɗai suka sha bamban.

Bisa ga halin reshen, ana iya kasa su gida huɗu:

(a) masu gudun ruwa, waɗanda reshensu ke da halin mai, kamar balin da lusin da fenilalanin;
(b) masu son ruwa amma ba su da cajin lantarki, kamar serin da tiriyonin;
(c) masu tsami, waɗanda ke ɗauke da caji mai ragi a cikin jiki, watau asfatik asid da gulutamik asid;
(d) masu halin kanwa, waɗanda kan ɗauki caji mai ƙari, watau laisin da ajinin da histidin.

Guda biyu sun cancanci a ambace su daban. Gilaisin shi ne autansu, domin reshensa zarrar haidurojin ce ƙwaya ɗaya tak, saboda haka yana iya shiga matsatsin da sauran ba za su shiga ba. Sistayin kuwa yana da farar wuta a reshensa, kuma biyu daga cikinsa kan ɗauru da juna su yi gada mai ƙarfi tsakanin sassan furotin.

2.3 Ɗaurin feftayid

Idan rukunin asid na tubali ɗaya ya haɗu da rukunin amino na wani, sai dunƙulen ruwa ɗaya ya fita, su biyun su ɗauru. Wannan shi ne ɗaurin feftayid, wanda Emil Fischer da Franz Hofmeister suka bayyana, kowa ta hanyarsa, a 1902. Da haka ake ta ƙara tubali bayan tubali har a sami doguwar sarƙa. Insulin tubali 51 gare shi, mayogulobin na tsoka 153, taitin kuwa, wanda shi ma a tsoka yake, ya haura 30,000.

Ya kamata malami ya sa ɗalibai su yi wannan lissafi da kansu. In sarƙa tana da gurbi biyu, hanyoyin jera tubala 20 a cikinta 400 ne. In gurbi uku ne, 8,000. In gurbi 100 ne, adadin ya kai 1 da sifiri 130 a bayansa. Kamar dai yadda 'yan baƙaƙe da wasula suka wadatar da dukan kalmomin Hausa, haka tubala 20 suka wadatar da dukan furotin ɗin da ke duniya.

3.0 Matakan Ƙira Huɗu

3.1 Mataki na farko: jeri

Wannan shi ne bin-da-bin tubalan daga farkon sarƙa zuwa ƙarshenta, kuma a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado da mutum ya samo daga iyayensa. Frederick Sanger na Jami'ar Kambirij ne ya fara karanta jerin wani furotin gaba ɗaya. Ya kammala na insulin a 1955, inda ya nuna sarƙa biyu ce, ɗaya mai tubali 21, ɗaya mai 30, da gadojin farar wuta uku. Aikinsa ya tabbatar da cewa kowane furotin yana da jerinsa tsayayye. Ya sami kyautar Nobel a kan haka a 1958.

3.2 Mataki na biyu: murɗi da shimfiɗa

Sarƙar ba ta zama a miƙe. A 1951 Linus Pauling da Robert Corey da Herman Branson suka bayyana murɗin alfa, inda sarƙar ke kewaye kanta kamar igiyar da aka nannaɗe a jikin sanda, kowane zagaye yana cin tubali 3.6. A shekarar kuma Pauling da Corey suka bayyana shimfiɗar bita, inda sassan sarƙa ke kwanciya gefe da gefe kamar kaba a jikin tabarma. Abin da ke riƙe duka biyun shi ne ɗaurin haidurojin. Ɗaya daga cikinsa ba shi da wani ƙarfi, amma in sun taru da yawa, sai su zama kamar tsintsiya.

3.3 Mataki na uku: dunƙulewa

A nan sarƙar gaba ɗayanta take lanƙwashewa ta ɗauki siffarta ta ƙarshe. Babban abin da ke tura ta shi ne ruwan da take ciki: rassa masu gudun ruwa sukan ɓuya a ciki, masu son ruwa su fito waje, masu caji mai ƙari su jawo masu ragi, gadojin farar wuta kuma su ɗaure abin tamau. John Kendrew ne ya fara nuna siffar wani furotin, watau mayogulobin, a 1958, ta hanyar haska shi da hasken eksire.

3.4 Mataki na huɗu: haɗuwar sarƙoƙi

Wasu furotin ba sa aiki sai sarƙa biyu ko fiye sun haɗu. Himogulobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, sarƙa huɗu ne: alfa biyu masu tubali 141 kowace, da bita biyu masu 146 kowace, jimla 574. Kowace sarƙa tana rungume da wani zobe mai zarrar ƙarfe a tsakiya, inda oksijin ke kamawa. Max Perutz ya shafe fiye da shekara 20 kafin ya warware siffarsa, kuma shi da Kendrew suka raba kyautar Nobel a 1962.

3.5 Hujjar cewa jeri ke yanke siffa

Christian Anfinsen na Amurka ya ɗauki wani furotin mai tubali 124 da gadojin farar wuta huɗu, ya zuba masa sinadaran da suka warware naɗinsa, aikinsa ya tsaya cak. Da ya janye sinadaran, sai furotin ɗin ya sake naɗe kansa yadda yake a da, aikinsa ya dawo. Ashe umurnin naɗin yana cikin jerin. Wannan ya kai shi ga kyautar Nobel a 1972. Hasashen siffa daga jeri kuwa ya gagari masana wajen shekara 50, sai a 2020 da manhajar kwamfuta mai suna AlphaFold ta yi rawar gani a kai, abin da ya sa Demis Hassabis da John Jumper suka shiga cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024.

4.0 Rabe-Raben Furotin

Babu rabo guda da ya game komai. Kowane rabo yana amsa wata tambaya ce daban, saboda haka furotin ɗaya yakan fito a gidaje da yawa.

4.1 Ta fuskar siffa

Akwai masu zare da masu dunƙule. Masu zare dogaye ne, ba sa narkewa a ruwa, aikinsu riƙe jiki. Kolajin, wanda ya fi kowane furotin yawa a jikin mutum, har ya kai rubu'i ko fiye, sarƙa uku ne da aka tufka kamar igiya. Kowane tubali na uku a cikinsa gilaisin ne, domin shi kaɗai zai iya zama a matsatsin tsakiyar tufkar. Shi ke cikin fata da jijiya da ƙashi. In an daɗe ana dafa ƙafar saniya ko ganda, tufkar takan warware, shi ya sa romon kan daskare in ya huce. Keratin na gashi da farce da ƙaho taurinsa daga yawan gadojin farar wuta yake, kuma farar wutar nan tana cikin abin da ke kawo ƙaurin da ake ji wajen babbaka. Masu dunƙule kuwa, irin su himogulobin da albumin, a cure suke, yawancinsu kuma suna narkewa a ruwa. Akwai kashi na uku da ke zaune cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, suna zama ƙofofin shiga da fita.

4.2 Ta fuskar abin da ya ƙunsa

Furotin tsantsa shi ne wanda in an farfasa shi ba a samun komai sai amino asid. Furotin mai rakiya kuwa yana tare da wani abu dabam: himogulobin yana da zoben ƙarfe, kesin na madara yana da fosfet, majina da yauƙin miyau suna da sukari, masu ɗaukar kitse a jini suna tare da mai. Na uku su ne gutsattsarin da kan samu bayan zafi ko narkewar abinci sun taɓa furotin.

4.3 Ta fuskar narkewa

Thomas Osborne na Amurka, a farkon ƙarni na 20, ya kasa furotin ɗin tsirrai gida huɗu: albumin mai narkewa a ruwa zalla, gulobulin mai bukatar ruwan gishiri, furolamin mai narkewa a barasa, da gulutelin mai bukatar ruwa mai ɗan tsami ko mai halin kanwa. Mafi yawan furotin ɗin wake gulobulin ne, na masara da dawa kuwa furolamin ne. A alkama, furolamin da gulutelin sukan sarƙe in an kwaɓa gari, su ba da danƙon da ake kira gulutin. Dalili ke nan da ya sa kwaɓin alkama ke miƙewa a murza taliya, yake kuma riƙe iska ya tashi a yi gurasa da burodi, alhali garin dawa ba ya yin haka.

4.4 Ta fuskar aiki

Akwai masu gaggauta sauye-sauyen sinadarai, watau enzayim, kamar fefsin na tumbi. James Sumner ne ya tabbatar a 1926 cewa enzayim furotin ne. Fischer tun 1894 ya kwatanta enzayim da abin da yake aiki a kansa da kwaɗo da mabuɗi, watau dole siffofinsu su dace. Akwai masu sufuri kamar himogulobin, da masu kai saƙo kamar insulin, da masu tsaro kamar garkuwar da jiki ke ƙerawa bayan rigakafi, da masu motsi kamar aktin da mayosin na tsoka, da masu ajiya kamar furotin ɗin da ke cikin ƙwai da ƙwayar hatsi.

4.5 Ta fuskar abinci

Daga cikin tubala 20, guda tara jikin mutum ba ya iya ƙera su, tilas ya same su daga abinci: histidin, aisolusin, lusin, laisin, metayonin, fenilalanin, tiriyonin, tiriftofan da balin. Ƙwai da madara da nama da kifi suna da su duka daidai bukata. Gero da dawa da masara da shinkafa suna da ƙarancin laisin. Wake yana da laisin a wadace, amma yana da ƙarancin metayonin, wanda hatsi ke da shi. In tubali ɗaya ya ƙare, ginin sarƙa yakan tsaya ko da sauran sun yi yawa, kamar magini ne da ya tara yashi da ruwa amma siminti ya yanke masa. Saboda haka koko da ƙosai, ko shinkafa da wake, haɗi ne mai hikima, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2007, ta sa bukatar baligi a kan giram 0.83 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, watau wajen giram 50 ga mai kilo 60. Busasshen wake yana da furotin kusan rubu'in nauyinsa, rogo kuwa da ƙyar yake kai kashi 2 cikin 100. Wannan abin lura ne ga masu yaye yara da kunu zalla.

5.0 Halayen Furotin

5.1 Girma

Matsakaicin nauyin tubali ɗaya a cikin sarƙa dalton 110 ne, himogulobin kuwa ya kai wajen 64,500, alhali dunƙulen ruwa 18 ne kacal. Saboda girman nan furotin ba ya ratsa matatar ƙoda mai lafiya. In likita ya ga albumin a fitsari, ya san matatar ta samu matsala. Har wa yau albumin ne ke taimakawa wajen riƙe ruwa a cikin hanyoyin jini, shi ya sa in ya yi ƙaranci ƙafafu da fuska kan kumbura.

5.2 Caji da matakin daidaito

Tun da furotin yana da rassa masu tsami da masu halin kanwa, yana iya aiki a matsayin kowanne daga cikinsu, kuma cajinsa yana sauyawa da sauyawar pH. Kowane furotin yana da wani pH da ƙari da ragi ke yin kunnen doki a jikinsa. A wannan mataki dunƙulen ba sa ture juna, sai su cure su kwanta. Sabuwar madara tana wajen pH 6.6, inda kesin, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar shanu, ke ɗauke da caji mai ragi. In ta kwana, ƙwayoyin bakteriya sukan mai da sukarinta asid, pH ya gangaro zuwa 4.6, kesin ya daskare. Kindirmo ke nan. Mai yin awara ma, in ta zuba ruwan tsami a tafasasshiyar madarar waken suya, wannan doka take bi.

5.3 Warwarewar naɗi

Zafi, ko tsami mai ƙarfi, ko kanwa mai ƙarfi, ko barasa, ko wasu ƙarafa, suna iya tsinka raunanan ɗaure-ɗauren da ke riƙe naɗi ba tare da sun taɓa ɗaurin feftayid ba. Jerin yana nan, amma siffa ta tafi, aiki ya bi ta. Farin ƙwai yakan fara daskarewa a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyos, domin rassan da ke ɓoye a ciki sun fito sun maƙale da na maƙwabta. Wannan hali yana da amfani da illa. Da shi tafasa ke kashe ƙwayoyin cuta, da shi kuma dahuwa ke kashe wasu furotin ɗin ɗanyen waken suya masu hana narkewar abinci. Amma shi ne kuma dalilin da ya sa insulin da alluran rigakafi da yawa ke bukatar sanyi, domin kwalbar da ta sha rana tana iya rasa ƙarfinta ba tare da ido ya ga alama ba. Dalma kuwa takan kama wasu enzayim ta hana su aiki, har da ɗaya daga cikin masu ƙera zoben himogulobin. Mun ga munin haka a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara.

Majema suna cin moriyar wani sauyi makamancin wannan. Sinadarin tanin da ke cikin 'ya'yan bagaruwa yakan kama zaren kolajin ya ɗaure su da juna, sai fatar da za ta ruɓe cikin kwanaki ta zama jemammiya mai shekaru.

5.4 Farfashewa

Wannan ya bambanta da na sama, domin a nan ɗaurin feftayid ɗin ne da kansa ake tsinkawa. Fefsin yana yin haka a cikin tsamin tumbi, wajen pH 2, tirifsin kuma a hanji, wajen pH 8. Shi ya sa ake yin allurar insulin, don in an haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama. Ganyen gwanda yana da enzayim mai tausasa nama, bakteriya kuma su ke farfasa furotin ɗin kalwa har a sami daddawa da ƙamshinta.

5.5 Gwajin launi

Gwajin bayuret yana ba da launin shuni in akwai ɗaurin feftayid. Ninhaidirin yana ba da shuɗi mai duhu in ya haɗu da amino asid, har masu binciken laifi kan yi amfani da shi su fito da zanen yatsa a takarda. Naitirik asid kuwa yakan mai da furotin rawaya, kamar yadda yakan yi wa fatar yatsan ɗalibin da bai yi hattara ba.

6.0 Sikila: Tubali Ɗaya Cikin 146

James Herrick, likita a birnin Shikago, shi ya fara bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje a 1910. A 1949 Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin yana jikin himogulobin. Tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano ainihin sauyin, wanda ke gurbi na shida na sarƙar bita: balin ya maye gurbin gulutamik asid. Sauran tubala 145 lafiya lau suke. Bambancin bai wuce na "kafa" da "ƙafa" ba.

Abin da muka faɗa a baya ya isa ya bayyana sauran. Gulutamik asid mai son ruwa ne mai caji, balin kuwa mai gudun ruwa ne, ga shi kuma an ajiye shi a waje. Da zarar himogulobin ya sauke oksijin, sai balin ya nemi mafaka a wani ɗan rami a jikin maƙwabcinsa, na biyu ya kama na uku, har su zama dogayen sanduna da ke lanƙwasa ƙwayar jinin. Ƙwayar da ta lanƙwashe takan toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi mai tsanani yake zuwa. Kuma maimakon ta rayu kwana 120, takan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, daga nan ƙarancin jini yake zuwa.

Gwajin da ake yi kafin aure shi ma a kan halin caji ya dogara. Tun da himogulobin S ya rasa caji mai ragi biyu, in an ɗora jini a takardar gwaji aka saki lantarki, yakan yi tafiyar hawainiya a bayan himogulobin A. Akwai kuma himogulobin C, wanda ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, inda laisin ne ya shiga wannan gurbi na shida. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana yawaitar wannan gado a ƙasashenmu. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara a ƙasar. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Mun jaddada "kowane ciki", domin mun sha jin ɗalibai suna zaton in an haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira. Lissafin sabo yake komawa a kowace haihuwa.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi furotin tun daga tubalinsa har zuwa aikinsa. Mun ga cewa reshen kowane amino asid shi ke ba shi halinsa, jerin rassan shi ke jawo naɗi, kuma rabe-rabe da halaye duk daga nan suka tsiro. Shawararmu ga malamai ita ce a riƙa fara darasin da gwaji kafin jadawali. Ba a bukatar kayan tsada. A dafa ƙwai a gaban aji. A matsa lemon tsami a madara mai ɗumi. A wanke kwaɓin alkama a ruwa har danƙon ya rage a hannu, a gwada haka da garin dawa. A ɗiga haidurojin feroksayid, wanda ake samu a kantin magani, a kan ɗanyar hanta da dafaffiya, ɗalibai su ga ɗaya tana kumfa ɗaya ta yi shiru, sa'an nan a tambaye su dalili.

Ɗaliban da ke gabanmu su ne malaman firamare da sakandare na gobe, kuma a ƙauyuka da yawa su za a riƙa tambaya a kan abincin yaye, da ajiyar allura, da ma'anar AS a takardar asibiti. In sun fahimci abin da ke faruwa a gurbi na shida na sarƙar bita, za su iya yi wa iyaye da masu niyyar aure bayani da harshen da suke ji.